Ruwa ya shiga man giyar ƙaramar tarakta ta, na sauya sau 2 har yanzu fari yake

Salam jama'a, masu sanin inji don Allah ku taimaka. Ina da wata tsohuwar ƙaramar tarakta ta aikin lambu, irin mai haidirolik ɗin nan, wato wadda giyarta ke aiki da ƙarfin man da famfo ke turawa, na barta a waje ruwan sama ya yi ta dukanta wata da watanni, laifina ne kam. Da na zaro sandar awon mai sai na ga man ya koma fari kamar madara, ashe robar sandar giya ta yage ta nan ruwan ke bi.

Na kwance noti na ƙasa, ruwa zalla ya fara fitowa tunda ya fi mai nauyi, na zuba sabo na sa sabon filta, aiki kaɗan ya sake yin fari. Na maimaita, haka dai. Ina zargin tsohon man da ya maƙale cikin famfo da tiyo ne ke gurɓata sabon.

Wani ya ce in wanke cikin da dizal, amma ina tsoro kar famfon ya ci kansa tunda dizal bai da kauri. To in ci gaba da sauyawa ne in ya yi zafi, ko sai an sauke giyabos ɗin? Kuma in ta ɗau zafi tana kuka tana rasa ƙarfi a hawa, tsatsa ce ta kama boris ko iska ce ta shiga cikin man?