Don Allah a ba ni shawara, mangwarona na mutuwa a fadama

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gonarmu ta gado tana bakin kogin Haɗeja. Da aka zo rabo, Yaya ya ɗauki tudu wai shi ne babba, ni aka bar min gangare har bakin ruwa. Inna ta ce kada in ja magana, na yi shiru. Na sayar da raguna biyu na sayi dashen mangwaro mai aure guda 60. Na gaɓar kogi sun kama, amma na can baya, inda ƙasar ta fi baƙi da kyau, ganyensu ya yi rawaya ya zube. Saura 17. Maiɗakina har ta fara min gori. Taki ne bai isa ba?

Tsohon Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Ɗana, da ka ɗaga kai ka ga itacen da Allah ya tsirar a wurin kafin ka haƙa rami. In kogi ya yi ambaliya, a gaɓa yake fara zubar da yashi, shi ya sa ta yi tudu, ruwa ke saurin tsanewa. Laka kuwa sai ta wuce baya ta kwanta a kwari. Nan ruwa ke zama, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Giyayya da bagaruwa ke jure wannan. Ko tsamiya ka gani a fadama, duba gindinta, sau da yawa kan suri take. Kwana nawa ruwa ke yi a wurin?

Ɗan Auyo: Baba, ai Kaka ya taɓa samun mangwaro a nan, da idona na gani.

Maman Hanifa: Ɗan uwa dasa itacen turare kawai, yana shanye ruwa, ga kuɗin azara.

Baban Sadiƙu: Turare? Maƙwabcina ya jera min shi a kan iyaka, albasata ba ta ƙara yin kai a wannan ɓangaren ba. Har gaban mai unguwa muka je.

Na Guri: Ku kuna ta bishiya. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ambaliyar 2022 ma shinkafata duk ta tafi, ba wanda ya ce min sannu.

Tsohon Malamin Gona: Kun fara kauce hanya. Ɗana, haƙa rami iya ƙugu da damina. In ka ga laka toka-toka mai ɗigon tsatsa, ruwa ya daɗe yana kwana a nan. Mangwaro a gaɓa, kwari a bar wa shinkafa. Ba sai na maimaita ba.

Ɗan Auyo: Na gode Baba, amma dai ina ganin takin ne. Mai dashen ya ce zai rage min in na ɗauki 40.

Maman Hanifa: Nawa ya bar maka guda ɗaya?