Ruwa a huhu: wa ya taɓa gani a gidansu?

Ta Runjin Sambo:
Salamu alaikum. Ƙanwata ta haihu sati biyar ke nan. Tun bayan suna ƙafafunta suka kumbura, muka ce jego ne. Sai kwanciya ta gagare ta, da ta miƙe bayanta numfashi ya sarƙe, a zaune take kwana jingine da filo uku. Daren Laraba tari ya taso, kaki na fita da kumfa mai ja-ja. A asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo aka ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a huhu. Abin da likita ya fara tambaya, tana shan kunun kanwa? Inna ta sunkuyar da kai, don ita ke dama mata safe da yamma. Wallahi tausayinta na ji, gata take yi wa ɗiyarta.

Nas daga Mabera:
Allah ya ba ta lafiya, Yaya. Kada ku ɗora wa Inna laifi, ciwon yana kama har waɗanda ba su sha ba, musamman mai hawan jini da ciki ko mai tagwaye. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya.

Na Gawon Nama:
Namu tsoho hawan jini ne. Da ya ji sauƙi sai ya ajiye magani, ya koma shan diclofenac na kyamis kullum saboda gwiwa. Ƙoda ta taɓu, fitsari ya ragu, ruwa ya hau ƙirji. Yanzu wankin ƙoda muke ta kai shi. Abin na ci mini rai, don ni nake sayo mai ƙwayar.

Malami daga Boɗinga:
Nawa daban ne, tarin fuka. Ruwan a gefen huhu ya kwanta, da allura aka zuƙe shi ta haƙarƙari. Wata shida na sha magani, kyauta.

Ta Runjin Sambo:
Na gode, 'yan'uwa. An yi mata allurar Lasix mai fitar da ruwa daga jiki, ta yi ta fitsari, jiya ta kwanta da filo ɗaya. Inna ta koma dama kunun gyaɗa.