Wace ƙaramar bindiga ce ta dace da mai ɗauka a jiki kullum, ga salla ga kaftani?

Baban Hanifa (Houston):

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Amurka. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta daga bakin wanda yake ɗauke da abin a jikinsa, ba wanda ya kalla a YouTube kawai ba.

Aikin dare nake yi a shagon wani gidan mai a nan Houston. Ni nake rufe lissafi, ni nake kulle ƙofa, sannan in taka zuwa mota a lokacin da babu kowa a filin sai ni da Allah. A watan jiya aka ɗora wa wani bawan Allah ɗan Senegal bindiga a ka a shagon da ke kallon namu, aka kwashe kuɗin durowa. Allah Ya tsare, ba a taɓa lafiyarsa ba. Amma tun ranar uwargida ba ta rintsawa sai ta ji ƙarar mukullina a ƙofa. Mun zauna da ita, na yi istihara, hankalina ya kwanta a kan in mallaki ƙaramar bindiga bisa doka.

Na leƙa shagon bindigogi, mai shagon ya jera min guda huɗu a kan gilashi: Glock 19, Glock 43X, SIG P365 da wata libarba Smith & Wesson 642. Kowacce ya ɗaga sai ya ce ita ce. Na fito kaina a ɗaure. Ni siriri ne, tafin hannuna ba shi da girma, kuma ban taɓa harba komai ba a rayuwata. Bindigar da na tashi na sani ita ce ta toka da maharban garinmu ke ratayawa.

Abin da ya fi damuna, wanda mai shagon ba zai gane ba, shi ne salla. A ɗakin ajiyar kaya nake yin Isha'i. Yaya mutum yake ruku'u da sujada da ƙarfe a ƙugu? Ranar Juma'a kuma kaftani nake sawa da wando mai zariya, babu wurin bel. Ga yara biyu a gida, babbar shekararta shida. Abin da na ware duka-duka dala 800 ne. Wacce za ku ce in ɗauka?

Kawu Dallas:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa, ƙanena. Kafin mu je kan wacce, gaya min takardunka. Ba shisshigi nake ba. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da bizar wucin gadi, irin ta karatu ko ta ziyara, mallakar bindiga, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, da ɗan ƙasa suna da dama. A shago za a ba ka fom 4473 ka cike, a bincika sunanka, kuma ƙarya a wannan fom babban laifi ne. In girin kad gare ka, ka riƙe wannan da kyau: laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifuffukan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu. Abin da zai ja wa maƙwabcinka Ba'amurke shari'a kawai, kai zai iya raba ka da 'ya'yanka.

Saboda haka nake cewa ka yi lasisi. Na san tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta ba wanda ya kai shekara 21 damar ɗauka ba tare da lasisi ba, kuma mutanenmu da yawa sun tsaya a nan. Ni ban yarda da hakan ba ga irinmu. Kuɗin neman lasisin dala 40 ne, darasin awa huɗu zuwa shida, sai gwajin harbi da harsashi 50. A ajin nan ne za a nuna maka allunan 30.06 da 30.07 na hana shiga da bindiga da ake mannawa a ƙofofi, da jan allon nan mai 51% na wuraren shan giya, a faɗa maka inda ba a shiga da ita ko da wasa. Kuma wasu jihohi da dama suna karɓar lasisin Texas in tafiya ta kama ka.

To, yanzu bindigar. Glock 19 bindiga ce ta kirki, tana cin harsashi 15, kuma a cikin huɗun nan ita ce ta fi sauƙin harbi ga sabon hannu, domin nauyinta yana shanye dukan da take yi wa hannu. Amma a cike ta haura gram 800, kuma tana da kauri. Siririn mutum da zai tsaya awa takwas yana sunkuyawa yana jera lemo a firji, mako biyu zai yi ya fara barinta a mota. Wadda aka bari a mota kuwa ba ta tsare kowa ba, ɓarawo ma aka ajiye wa.

Libarbar nan 642 mutane suna ganin ƙanƙantarta su ɗauka ta masu koyo ce. Ba haka ba ne. Harsashi biyar take ci, kunamarta tana da tauri da nisan ja, kuma da yake ba ta da nauyi, kowane harbi sai ka ji shi har gwiwar hannu. Gwanaye ne suke jin daɗinta.

Da ni ne kai, tsakanin 43X da P365 zan tsaya. Dukansu harsashi mai girman 9mm suke amfani da shi, dukansu goma suke ci yadda suka zo daga kamfani. P365 ta fi ƙanƙanta, ta fi ɓuya a jiki. 43X mariƙinta ya fi tsawo, ɗan ƙaramin yatsanka zai sami wurin zama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne wajen saiti. Ni 43X nake ɗauka. Amma bindiga kamar hula ce, sai an gwada a kai. Filayen koyon harbi da yawa a Houston suna ba da haya. Ka je da malamin harbi, ka hayi biyun, ka ƙara da wata ƙaramar bindiga mai suna Shield Plus in suna da ita, ka harba kowacce. Wadda harsashinta ya fi taruwa wuri ɗaya a takarda ita ce taka, ko da ba ita ce ta burge ka a gilashi ba.

Kuma kada ka zuba dala 800 duka a bindiga. Ita kanta za ta ci wajen 500 zuwa 600. Sauran na kube ne, da bel mai tauri, da akwatin ƙarfe, da harsashin koyo. Kube ya zama na roba mai tauri irin Kydex, wanda aka ƙera wa wannan samfurin daidai, ya rufe kunama ruf. Ka guji kuben yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga. Glock ba ta da maɓallin kulle na waje da za ka taɓa da babban yatsa. Abin da ke tsakaninka da hatsari shi ne kuben nan da yatsanka.

Maman Sadiq:

Baban Hanifa, sannu da ƙoƙarin neman halali, Allah Ya tsare ka a bakin aikinka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ce maka kada ka saya ba, tunda kai da iyalinka kun riga kun yanke. Amma na ga maganar yara ta zo a ƙarshen tambayarka, ni kuma a wurina ita ce ta farko.

Yarinya 'yar shekara shida ta san duk inda kake ɓoye abu a gidan nan. Saman wadirob ba maɓoya ba ce, ƙarƙashin katifa ma haka. Kuma yatsun yaro ƙarami suna iya jan kunamar waɗannan bindigogin da Kawu ya lissafa. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ka sayi akwatin ƙarfen tun kafin bindigar ta shigo gida, ka ɗaure shi da ƙusa a jikin wani abu. Ka dawo da asuba a gajiye, kafin ka cire takalmi, kafin ka ɗauki yaro, ta shiga akwati. Wuri biyu kawai take da su: jikinka ko cikin akwati a kulle.

Akwai kuma abin da mutanenmu ba sa son a faɗa. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka duk shekara, su ne suke harbe kansu. Zaman ƙasar nan yana da nauyi: aikin dare, rashin barci, bashi, kewar gida, ga waya daga gida kullum ana neman taimako. Imani ba ya hana mutum shiga ƙunci. In ka taɓa jin duniya ta yi maka zafi, ko ka ga alamar haka ga wani a gidan, ka fitar da ita daga gida na ɗan lokaci, ka kira 988, layin taimakon masu cikin ƙuncin rai, ka yi magana da wani. Ba abin kunya ba ne.

Kuma don Allah, in an zo don kuɗin durowa, ka miƙa. Kuɗin mai shago ne. Hanifa ba ta da wani uban.

Ɗan Zazzau:

Ikon Allah. Mu da muke gida muna karanta ku kamar tatsuniya. A nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ce ake neman lasisinta wurin 'yan sanda. Ina faɗa ne don matasan da ke bin wannan zaure daga gida, kada wani ya karanta ya ɗauka shawarar ta shafe shi. Kuma ku na can, kada wanda ya manta harsashi ko guda a aljihun jaka in zai zo hutu.

Baban Hanifa (Houston):

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu, girin kad gare ni, kuma na ji gargaɗinka, zan fara da lasisin. Maman Sadiq, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce in gaya miki akwatin ita za ta zaɓa. Maganar durowa kuma haka take, ba don kuɗin wani zan ɗauki bindiga ba, tafiyar nan daga ƙofa zuwa mota ce take tsaya min a rai.

Saura maganar salla da kaftani, Kawu, ba ka taɓo ta ba. Sannan ranar Asabar nakan ɗan taɓa Uber, ko akwai abin da ya kamata in sani?

Kawu Dallas:

Na bar ta ne don ta fi ƙarfin layi biyu. Amma bari in fara da gajerun. Uber ta hana direba da fasinja ɗaukar bindiga yayin aiki da manhajarta, ko kana da lasisi. Mai gidan man naku ma ka tambaye shi tun yanzu, domin yana da ikon hanawa a cikin shagonsa, kuma gara ka ji daga bakinsa.

Salla. Masu koyarwa da yawa yanzu suna son a sa kube a gaba, gefen cibiya. Yana ɓuya sosai a tsaye, amma ka gwada zaman tahiya da shi ka ji: bakin kuben yana tokare cinya, mariƙin yana danna ciki. Ni a gefen dama nake sawa, ɗan baya kaɗan da ƙashin ƙugu. A nan ruku'u da sujada ba sa takura min. Illarsa ɗaya, in ka sunkuya riga takan ɗage ko mariƙin ya turo ta, wanda ke sahun baya ya gani. Maganinsa riga mai tsawo da ɗan kauri, mai duhu ko mai zane. Ranar da kuben ya iso, ka cire harsashi gaba ɗaya, ka kai shi wani ɗaki, ka duba cikin bindigar da ido da yatsa, sannan ka ɗaura ka yi duk motsin salla a gaban uwargida ta gaya maka abin da take gani. In ta zame ko ta karkata a sujada, kuben bai yi ba, ka mayar. Wajen alwala da kama ruwa kuma, kada ka zare ta ka ɗora a kan wani abu. Ta zauna cikin kubenta a jikin bel. A irin wurin nan ne mutane suke mantawa da ita su fita.

Wando mai zariya ba zai riƙe ta ba, kada ma ka gwada. Ni na kai wa tela yadi na ce ya ɗinka min wandon kaftani da madaukan bel, ya kuma buɗe aljihun kaftanin na dama ta ciki yadda hannu zai wuce kai tsaye zuwa ƙugu. Ba tare da wannan ba, sai ka tattare riga har gwiwa kafin ka kai gare ta.

Masallaci kuwa, dokar Texas tun 2019 ta bar wa wuraren ibada su yanke da kansu. Ka duba ƙofa, in da allo ka bi shi, in babu ma ka tambayi kwamitin masallacin. Ka tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa Musulmi rauni, kuma ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Ni a nan na ɗauki ladabin abin: ba a fito da ita a nuna wa abokai, ba a ba da labarinta a majalisa.

Abu na ƙarshe, kuma ina so ka ɗauke shi da gaske, domin kai baƙar fata ne mai tuƙi da dare. A 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile a Minnesota a cikin motarsa, yana da lasisi, bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga. In an tsayar da kai, ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Lasisin tuƙi da na bindiga su kasance a wurin da ba sai ka kai hannu ƙugu ba, ni a jikin abin tare rana nake maƙala nawa. Ka gaya masa a natse kana da lasisi kuma tana gefen dama, sannan ka tambaye shi yadda yake so ka yi. Kada hannunka ya motsa sai ya ce.

In ka gama ajin lasisin ka sanar da ni a nan. Nakan sauko Houston wurin 'yata, sai mu je filin harbi tare, in zo da tawa 43X ka gwada, kai kuma ka hayi P365 mu gani.