Aloberata tana ruɓewa daga gindi, ko za ta tashi?

Uwar Biyu, Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da alobera da ƙanwata ta kawo min daga Maraɗi shekara biyu ke nan, na dasa ta a tsohon bokitin fenti. Tsakiyar watan Agusta na ga ganyen ƙasa ya fara yamushewa, na ce ƙishi ne, sai na dinga ba ta ruwa safe da yamma, har da wanda nake saya wurin ƴan garuwa da kuɗina. Jiya na ɗan ja ganye guda, sai ya saɓule a hannuna da yauƙi kamar dafaffiyar kuɓewa. Gindin ya yi baƙi, ga wari irin na ruɓaɓɓiyar albasa. Maigida ya ce in zubar in huta. Akwai dabara?

Tsohon Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bokitin nan yana da huji a ƙasa? In babu, to ba sai an je nesa ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishi ya kama duk yamushewa suke yi. Saiwa tana buƙatar iska. In ta kwana biyu cikin caɓi sai ta shaƙe, naman gwari ya shige ta, ta daina jan ruwa, ganye ya yi yaushi alhali ƙasar jagab take. Ke kuma kika ƙara, a watan da ya fi kowane ruwan sama a Damagaram.

Yau ɗin nan ki tumɓuke ta, ki kakkaɓe ƙasar. Saiwa mai rai tana da tauri, launinta da haske. Matacciya baƙa ce, kina matsa ta fatar za ta zame. Ki goge wuƙa da alkol, ki yanke duk ruɓaɓɓen, ki yi ta hawa sama har ki tarar da nama mai tsabta wanda babu ɗigon baƙi ko ɗaya. Kar tausayi ya sa ki bar kaɗan, shi zai ci sauran. Ki barbaɗa garin gawayi a yankan, ki ajiye ta a inuwa kwana 4 zuwa 7 bakin ya bushe. Sannan ki dasa a busasshiyar sabuwar ƙasa, ki yi mako guda ba ki sa mata ruwa ba. Tsohuwar ƙasar a zubar.

Ƴar Mirya:
Yaya, ki rabu da roba. Ki sayi tukunyar ƙasa irin tamu ta Mirya, ana samu a kasuwar Dole, ki sa a huda gindinta. Tana tsatsafar da ruwa kamar randa, ƙasa ba ta daɗewa a jiƙe. Ni yashi mai tsakuwa nake sa kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya. Ban da laka, ban da ɗanyen taki. Kuma kafin ki ba ta ruwa ki soka tsinken tsintsiya har ƙasa, in ya fito da danshi ki bar ta.

Ɗan Birni:
Haka na yi asarar kariyata, shukar nan mai kaurin kututture da fure, bara da hunturu. Ta zubar da ganye, ashe hutunta take yi, ni kuwa na bi ta da buta har kututturen ya yi laushi. Duk mai yankan kariya ya kula, ruwanta dafi ne, a wanke hannu, a nisanta ta da yara da awaki.

Uwar Biyu:
Allah ya saka. Baba Mai Lambu, gaskiyarka, babu huji, kuma ƙarƙashin indararo take. Na ciro ta, uwar ta ruɓe har cibiya, ban samu inda zan tsaya da yanka ba. Amma ƴaƴa biyu na gefe saiwarsu da tauri, na raba su, suna kan faifai a zaure. Ranar Alhamis zan shiga Dole neman tukunya.