Ɗana soja ne a nesa, biki kuma ya ƙarato: yaya zan yi?

Uwar Soja:
Salamu alaikum jama'a. An tura ɗana aikin soja wata ƙasa mai nisa, kuma ba zai samu izinin zuwa gida bikin bana ba. Saura mako shida. Ta yaya zan tsara magana da shi, alhali sai a yi kwana huɗu ko biyar wayarsa ba ta shiga? Me ya dace in aika masa? Ta ƙarshen ce mai wuyar faɗa: gidan ya yi mini faɗi, ranar bikin kanta nake tsoro. Haƙuri kam an ba ni shi da yawa, abin da zan aikata nake nema.

Tsohon Sajan:
Wa'alaikumus salam, Mama. Allah ya dawo miki da shi lafiya. Ta farkon zan ɗauka.

Shirun soja ba labari ba ne, ki riƙe wannan da kyau. Ko yana sintiri an ce kowa ya ajiye waya, ko babu sabis a wurin, ko caji ya ƙare saboda janareta na 'yan awanni ne. Akwai kuma rufe layi da gangan: rundunoni da yawa, in wani ya ji rauni ko ya rasu, sukan katse waya da intanet na sansanin baki ɗaya har sai an sanar da iyalinsa, don kada su tsinci labarin a Facebook. Sojojin Ingila sun yi haka a Afganistan. Ke nan mutum ɗari na iya yin shiru saboda mutum ɗaya. Mummunan labari yana da hanyarsa, hukuma ce ke neman wanda sojan ya rubuta a matsayin magajinsa. Don haka ki ce masa ya duba ko lambar waya da adireshin da ke cikin fayil ɗinsa na yanzu ne.

Batun kiran ranar biki, kada ku tsayar da ƙarfe kaza cif. Jadawalin gadi yakan canza da dare ɗaya, in lokacin ya wuce bai kira ba sai zuciyarki ta fara saƙe-saƙe. Ku ware awa uku-uku, a kwana uku: jajibiri, ranar, da washegari. Duk wanda ya samu a ciki, shi ne kiran bikinku. Shi zai kira, ba ke ba, domin waya ta yi ƙara a bakin aiki tana iya jawo masa horo. Ki saka garin da ya fi kusa da shi a agogon duniya na wayarki, ki kuma sake dubawa a makon, don wasu ƙasashe kan matsar da agogonsu da awa ɗaya sau biyu a shekara.

Saƙon murya ya fi kira amfani. Minti ɗaya zuwa biyu, ba minti goma ba, saboda gajere ne ke sauka a raunin sabis. A WhatsApp, alamar ✓ guda ɗaya a gefen saƙo na nufin saƙon ya bar wayarki bai isa tasa ba, ba wai ya ƙi ki ba ne. Yana nan yana jira har kwana 30. In kuna bidiyo ya fara yankewa, ku kashe kyamara, murya kaɗai ba ta cin data sosai.

Sai tsaro. Kada ki tambaye shi takamaiman inda yake ko ranar da za su tashi, kada kuma ki wallafa ranar dawowarsa ko hotonsa da sunansa a ƙirji. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta bayyana fasalin sansanonin soja saboda kawai sojoji suna kunna ta in za su fita gudu. 'Yan damfara ma daga irin waɗannan hotuna suke farawa: saƙo daga baƙuwar lamba, wai wayarsa ta lalace, a turo kuɗi maza. Ku ajiye wata kalma ta sirri tsakaninku. Wanda bai faɗe ta ba, ba ɗanki ba ne, ko da muryar ta yi kama.

Ma'aikaciyar Gidan Waya:
Mama, mako shida ba yawa ba ne. Cikin makon nan ya kamata kayan su tafi, domin zangon ƙarshe ya danganta da samun gurbi a jirgi ko motar runduna, kuma kayan aiki ake fara lodawa kafin saƙonni.

Ki fara tambayarsa adireshin da abin da aka hana a wurinsu, ki kwafe shi harafi da harafi, har da lambarsa ta soja. In rundunar tana da nata gidan waya, kada ki ƙara sunan ƙasar da yake in ba a ce ba. Yin hakan kan karkatar da kwalin zuwa gidan wayar farar hula, ya yi ta yawo. Ki kuma jefa takarda mai adireshin a cikin kwalin, ko da na waje ya jiƙe.

Kwali kamar na takalmi, ƙasa da kilo 2. Ƙananan biyu sun fi babba ɗaya, ga shi ba shi da wurin ajiya sai jakarsa. Ƙaramin saƙo zuwa waje fom ɗin kwastan CN22 ake cike masa, wanda ya fi nauyi ko tsada CN23. Kada ki rubuta "kyauta" kawai, abin da ke sa a tsare kaya a buɗe ke nan. Ki rubuta safa ƙafa 4, hodar ƙafa 1, man leɓe 2, da dai sauransu.

Batirin litiyom a sake, da bankin caji, da duk abin fesawa mai iska a gwangwani, da turare mai barasa, da ashana, ba sa hawa jirgin saƙo. Abu mai narkewa a zafi ki bar shi. Sabulu da abin ci kada su haɗu a kwali guda: bayan mako uku a rufe, komai sai ya koma ɗanɗanon sabulu, ko da leda ta raba su. Mai ruwa-ruwa ki naɗe murfinsa da salatif, ki sa a leda biyu. Ki cike gurabe da safar, ki girgiza. In kin ji motsi, ki ƙara cikawa.

Wasiƙu ki sa musu lamba, 1, 2, 3, don ba a jere suke isa ba. Hotunan da aka wanke a takarda ba sa buƙatar caji. Abin ci busasshe kuma ki ɗan ƙara, ba shi kaɗai zai ci ba.

Malamar Jinya:
Sannu Mama. Ta ukun ba abin kunya ba ce. Kewar ranar biki ba ta cika yinin duka, tana da awanninta: da safe lokacin da aka saba ganinsa, da bayan faɗuwar rana in baƙi sun watse. Waɗannan za ki toshe tun yanzu, da mutum takamaimai. "Ki leƙo in kin samu dama" ba ya kawo kowa ranar biki. Ki ce, "Ki zo ƙarfe biyar, ki zauna da ni zuwa takwas." In da iyayen wani sojan kusa, su ne suka fi, ba sai kin yi musu bayani ba.

Wayar ki cika ta da caji, ki ƙure ƙararta, ki sa a aljihu, ki ci gaba da hidima. Labarai sau biyu a rana, minti 15, ban da dare. Ki taka minti 20 zuwa 30 da rana, ki bar kofi bayan azahar, kada kuma ki tsallake abinci ko maganin da kike sha.

In ya kira, ƙila minti biyar kawai zai samu. Ki rubuta ƙananan labaran gida uku a takarda, don ruɗewa kan cinye lokacin. "Ina kewarka" sau ɗaya ya isa. Ɓoyewa gaba ɗaya zai gane a muryarki, kuka daga farko har ƙarshe kuma da shi zai koma bakin gadi. Kada ki rufe da "yaushe za ka dawo", ba a hannunsa take ba. Rabin awar da ke bin ajiye waya ita ce mafi nauyi, kada ta same ki ke kaɗai.

In rashin barci, ƙin abinci da rashin jin daɗin komai suka kai mako biyu kusan kullum, abin ya wuce kewa, ki ga likita. In tunanin mutuwa ya shigo, a ranar za ki je, ba gobe ba.

Uwar Soja:
Na gode ƙwarai. Sajan, in wani ya kwanta rashin lafiya a gida fa, in gaya masa ko in ɓoye?

Tsohon Sajan:
Ƙaramar rashin lafiya ki gaya masa bayan an ga likita, tare da abin da likitan ya ce, a saƙo ɗaya. Rabin labari ne ke hana soja barci. In babba ce ko rasuwa, kada ki bar ta a saƙon murya ya ji shi kaɗai da tsakar dare. Ki bi ta ofishin kula da iyalan rundunarsa, su sanar da kwamandansa, shi ne mai ikon zaunar da shi da duba batun izinin gaggawa, kuma galibi za su nemi takardar asibiti. Ki rubuta cikakken sunansa, muƙaminsa, lambarsa ta soja da sunan rundunarsa a takarda, ki ba mutum ɗaya cikin dangi kwafi.