Bayan shan aidin-131: shawarwarin da aka tattara

An tattauna kan aidin-131, maganin nan mai tururin nukiliya da ake ba masu wani nau'in maƙoƙo ko kansarsa. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk kwana 8, kuma yawancinsa ta fitsari yake fita, shi ya sa aka ce a yawaita shan ruwa, a kuma kora masai sosai.

Inda aka fi nanatawa shi ne batun yara. A kwanakin farko kada uwa ta goya jariri ko ta kwanta da shi, shayarwa kuwa a daina ta tun kafin shan maganin. Wannan da wuya, amma dole ne. Mai ciki ba ta sha, kuma a jinkirta ɗaukar ciki wata 6 aƙalla.