Ta ina ake fara tattara yaren da ya kama hanyar ɓacewa? Tambaya a kan Gunganci

Ɗan Yelwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga masana harshe. A ƙasar Yauri akwai garuruwan Gungawa da in ka shiga yanzu, tsofaffi kaɗai ke hira da Gunganci. Iyaye suna ji amma da Hausa suke amsawa, yara kuwa ko gaisuwa sai da kyar. Wasu matasa sun haɗa kai suna son yin wani abu kafin lokaci ya ƙure. Abin da ke hannunsu wayoyi ne, da kwamfuta guda, da 'yan dattawa da suka yarda a ɗauki muryarsu. Ta ina za a fara? Waya ta isa ko sai an sayi na'ura? Kuma da waɗanne baƙaƙe za a rubuta, tunda akwai sautukan da bokon Hausa ba shi da su?

Mai Rikoda ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. A fara da ɗaukar murya, rubutu ya biyo baya. Rubutu ana iya gyara shi bayan shekara ashirin, dattijo kuwa in ya tafi ya tafi da bakinsa.

Waya tana aiki, amma ban da saƙon murya na WhatsApp. Yana matse sauti don fayil ya yi ƙanƙanta, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. A saka manhajar da ke ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. In da hali a sayi ƙaramar rikoda irin Zoom H1n: batir biyu ƙanana na AAA take ci, tana karɓar memori har 32GB. A saita ta a 48kHz, 24-bit. A haka awa ɗaya tana cin wajen 1GB, ke nan memori guda zai ɗauki kusan awa 30.

Tsakanin bakin mai magana da makirfo ya zama taƙi ɗaya zuwa biyu. Kada a riƙe na'urar a hannu, motsin yatsa yana shiga. A ɗora ta kan kujera 'yar tsugune, a shimfiɗa zane a ƙarƙashinta. Ma'aunin ƙarfin sauti ya riƙa tsayawa wajen -12, domin in ya kai 0 murya tana fashewa, kuma wannan ba shi da magani. Mai ɗauka ya sa iyafis a kunne tun daga farko har ƙarshe. Yawancin asarar da ake yi daga nan take: a yi awa biyu ana hira, a koma gida a tarar injin niƙan maƙwabta ya danne komai, ko batir ya mutu tun a minti na goma.

Ɗakin laka mai rufin ciyawa ko soro ya fi ɗakin siminti mai kwano nesa ba kusa ba. Siminti yana amsa kuwwa, kwano kuma yana ƙara in rana ta buɗe. A kashe fanka da janareto, a kora kaji da awaki. Da hunturu a sa wa makirfo soso saboda iska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa bazara. Da damina ba wanda zai bar gona ya zauna da ku.

Kowane fayil a fara shi da faɗar kwanan wata, gari, wanda ke magana, da abin da za a yi magana a kai. A kwafe shi wuri uku a ranar, ɗaya a ajiye a wani gida daban.

Malama daga Zuru ta amsa:

Na yarda da Mai Rikoda, sai dai in ƙara abin da za a ɗauka, don a nan ake tuntuɓe.

Da farko, ɗan'uwa, ku rubuta sunan da masu yaren ke kiran kansu. Gungawa suna ne da Hausawa suka ba su daga "gungu", wato tsibiri. Su Bareshe suke ce wa kansu, yaren kuma Tsureshe. Haka a nan wajenmu: ana cewa Dakarkari, mutanen kuwa Lelna ne, harshen C'lela. Fakkanci shi ne ut-Ma'in, Acifanci na wajen Sakaba kuma Cicipu. Duk dangi ɗaya ne, masana suna kiransu harsunan Kainji. In kuna neman abin da aka riga aka rubuta, da waɗannan sunaye za ku samu.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren farko. Hausa tana gina jam'i a ƙarshen kalma, su kuma waɗannan harsuna a goshinta suke yi. Dubi Bareshe da Tsureshe: saiwa ɗaya ce, ɗafa-goshi ne ya raba mutane da yarensu. Don haka kowane suna da kuka tambaya, ku karɓi tilonsa da jam'insa, sannan a sa shi a jimla, kamar "wannan abu nawa ne", "waɗannan biyu manya ne". In ba haka ba za ku tara kalma dubu ba ku san rukunin ko ɗaya ba, ƙamus ɗin ya zama rabin aiki.

Jerin kalmomin da ake tambaya akwai na masanin harshe Swadesh mai kalma 100 ko 200, ya isa gwajin kwana biyu. Akwai kuma na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL da aka tsara don harsunan Afirka, kalma 1,700. Kowace kalma a faɗe ta sau uku, da ɗan shiru a tsakani. Amma kada ku dogara da jeri. In ka tambayi tsoho da Hausa "yaya ake cewa kasuwa?", sau da yawa kalmar Hausa zai maido maka ya manna mata ɗafa-goshin yarensa, don ita ce ta fi kusa da bakinsa. Maganin wannan shi ne a haɗa tsofaffi biyu ko uku su yi ta hira, ku ja bakinku. A ajiye musu abu a gaba: birgi, gura, mamari, filafili, kifi iri-iri daga giwan ruwa har kurungu. Tun da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya ci tsibirai aka tashi mutane, sunayen gungu-gungu da mashigai da kalmomin noman bakin ruwa suna bakin waɗanda suka yi wayo kafin lokacin ne kawai. Su za a fara bi. Kuma a nemi mata, su ke riƙe da waƙoƙin daka da na reno da tatsuniya da kalmomin haihuwa, waɗanda namiji ba zai faɗa muku ba.

Batun baƙaƙe: bokon Hausa wasula biyar gare shi, C'lela kuwa takwas, shi ya sa ake ja wa wasu layi a ƙasa. Kada ku ƙirƙiro naku daga sama. Ku fara bincika ko akwai ƙa'idar rubutun Tsureshe da wani kwamiti ya riga ya fitar, ku bi ta ko da ba ta gamsar da ku ba, domin rubutu iri biyu a ƙaramin yare raba kan mutane yake yi. Karin sauti kuma, wato hawa da saukar murya a kalma, ku sa masa alama a ƙamus, ko da ba za a sa a rubutun yau da kullum ba. In kuna shakkar karin wata kalma, ku ce mai yaren ya yi ta da fito.

Ɗan Yelwa ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Malama. To bayan an ɗauka, yaya ake juya shi zuwa rubutu? Kuma ana biyan dattawan?

Mai Rikoda ya amsa:

Manhaja biyu, duka kyauta. ELAN, ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, ita ke haɗa kowace jimla da daidai wurinta a cikin sautin: layi ɗaya yaren, layi na biyu fassarar Hausa. FLEx ta SIL kuma ita ce ta gina ƙamus. Ku shirya wa jinkiri, minti ɗaya na hira yakan ci awa guda ko fiye wajen rubutawa da fassarawa, kuma dole mai yaren yana zaune kusa. Awa 10 da aka rubuta tsaf ta fi awa 100 da ke jibge a memori.

Biya kuwa, a biya. A daidaita tun farko a kan abin da mutum zai samu a yinin ƙwadago a garin, kowa daidai, kada a bar shi a "ga na goro". A kuma ɗauki yardarsa da muryarsa: wa zai ji, za a sa a intanet ko a'a. Abin da ya shafi tsafi ko sirrin dangi, in sun ce a rufe, a rufe. Don ajiya ta dindindin akwai ELAR, rumbun adana harsunan da ke shirin ɓacewa, kuma shirin ELDP na tattara irin waɗannan harsuna, wanda ya koma Balin daga Landan a 2021, yana ba da tallafin irin wannan aiki.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

'Ya'yana, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma adanawa ce, ba rayarwa ba. Damakawa na ƙasar Sakaba sun koma C'lela, abin da masanin harshe Stuart McGill ya iya samu a bakin tsofaffinsu 'yan kalmomi ne da suke tunawa. Kyangawa da yawa sun koma Hausa da Dandanci. Ba rashin rikoda ya jawo ba. Yare yana yankewa ne ranar da uwa ta ga Hausa za ta fi yi wa ɗanta amfani a kasuwa da makaranta, ko ranar da aka yi wa yaro dariya don ya yi yare a cikin gari.

Hanya biyu aka gwada a duniya suka yi aiki. Mutanen Mawori na Niyu Zilan sun fara a 1982: a tara yara 'yan ƙasa da shekara biyar wurin kakanni, yini guda ba a jin komai sai yaren. Hawai ta bi sahu a 1984. Ta biyu daga Kalifoniya take: a haɗa tsoho ɗaya da matashi ɗaya, awa 10 zuwa 20 a mako, suna aiki tare, gyaran taru ko girki ko zuwa gona, da sharaɗin ba a sauya harshe. In matashin bai gane ba a nuna masa da hannu, kada a fassara. Abu na farko da zai haddace shi ne yadda ake cewa "mene ne wannan?" da "sake faɗa" da "a hankali".

Inda irin wannan shiri yake lalacewa sananne ne. Tsohuwa takan ji tausayin jikanta ta koma Hausa, ko a riƙa gyara wa mai koyo kowace kalma har kunya ta rufe masa baki. Aji na awa ɗaya ranar Asabar kuma gaisuwa da ƙirga kaɗai yake koyarwa. Ku fara da gida uku ko huɗu da kaka ke zaune da jikoki, a sa dokar cewa daga magariba zuwa kwanciya yaren kaɗai za a yi. Ku kai maganar wurin mai gari da limami tun kafin ku fara, ku kuma tura wa iyaye mata tatsuniyoyin da kuka ɗauka a wayoyinsu. A nan kam WhatsApp ya halatta, tunda asalin fayil ɗin yana ajiye.